Harshe na Biyar

A Garwa, a layinmu na Rumde Ajiya,
mai kayan miya da Fillanci take ciniki,
ɗan sanda da Faransanci yake tsawa,
mai raƙuma ya yi rantsuwa da Larabcin Shuwa,
ni kuwa a kan keken ɗinki da Hausa nake mita.
Harshe huɗu a layi guda.
Zuwaira, wata goma sha uku a duniya,
ba ta da ko ɗaya.
Kuka ne jarinta,
mu yi ta lalube: yunwa ce? Zafi ne? Haƙori?

Uwarta na aiki a kamfanin auduga,
sai muka kai ta gidan reno bayan asibiti.
Madam Falmata, mai tabarau ɗaure da zare,
takan durƙusa har idonta ya zo daidai da na yara.
Ta ce "ruwa", ta kai yatsu uku leɓe.
Ta ce "ƙari", ta haɗa kan yatsu su gaisa.
Ta ce "ya ƙare", ta watsa tafuka kamar mai kakkaɓe gari.
Na ce, Madam, kada ki ɗaure mata harshe.
Ta ce, Tela, ka taɓa ganin rarrafe ya hana tafiya?

Mako shida, shiru.
Na ce kuɗina sun bi Binuwai.

Sai wata Laraba, tsakiyar bazara,
wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya.
Na ga ta ja numfashin kuka, sai ta fasa.
Ta dube ni. Yatsu a leɓe,
biyu ne ma, na ukun ya ƙi miƙewa.
Na yar da almakashi na nufi randa,
moɗa na rawa a hannuna
kamar ni ne mai ƙishin.

Akwai Goggo Ladiyo a gidanmu, ƙanwar babana.
Sanƙarau ya toshe mata kunne tana shekara bakwai.
Tun ina yaro a gefen tabarma nake ganinta,
mu miƙa mata tuwo, mu nuna mata ƙofa,
iyakar hirar ke nan.

Ranar tana yanka mangwaro,
Zuwaira ta dafa bango ta isa gare ta,
ta sha yanki ɗaya, ta haɗa kan yatsu.
Goggo ta ajiye wuƙa.
Ta yi wata dariya mai tsatsa,
irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ashe tana da nata rumbun.
Tafi biyu sun wage: dorina.
Yatsu na sauka a hankali: ruwan sama.
Hannu na juya ƙafar keke, goshi a murtuke:
ni ke nan.
Shekara arba'in ina da suna a hannunta,
ban taɓa amsawa ba.

Yanzu bakin Zuwaira ya buɗe, har ya yi yawa.
Tana kiran akuya, tana yi wa kaji faɗa.
Amma in ta je gefen tabarma
sai ta ajiye bakin kamar takalmi a ƙofar ɗaki.

Da dare nakan zauna kusa da su
da yatsuna da allura ta gama hudawa,
ina son in ce, Goggo, yaya gajiya?
Na yi, na kuskure.
Goggo ta dubi Zuwaira,
Zuwaira ta kama babban yatsana
ta mayar da shi inda ya kamata.