Karanto Sama, Karanto Ƙasa

Ranar da na fito da aya ɗaya a baki
kamar wuƙar da aka wasa tun asuba,
pampon unguwarmu ya kwana uku bai ko yi tari ba,
jarkoki sun yi layi daga ƙofar Birni
har gindin dutsen da awaki ke hawa.

Sila na kwance a zaurena, wata na huɗu ke nan.
Ya dawo daga hamada ba jaka, ba takalmi,
sai idanu biyu da ba sa tsayawa a fuskar mutum.
Ƙanen matata ne. Tuwona yake ci.
Na ƙirga lomarsa, Allah ya gani, na ƙirga.

Sai na samo ta: layi ɗaya, gajere,
a kan mai ƙin aiki da abin da ya kamaci cikinsa.
Na ja mata jan biro har takarda ta huje,
na ce yau Nassi ya tsaya a bayana.

A layin ruwa na tarar da Iya Damaris
zaune a kan jarkarta, tana korar ƙuda da gefen gyale.
Ba ta taɓa shiga lakwal ba,
amma shekara hamsin kunnenta na bencin gaba a majami'a.
Na karanta mata da ƙarfi, don na baya su ji.

Ta ce, Natanayel, karanto sama.
Na karanto.
Ta ce, karanto ƙasa.
Na ce, Iya, ai ga maganar nan a fili.
Ta ce, ka yanko kunnen akuya ka ce ga akuya?
Mijina baduku ne har ya mutu.
Bai taɓa sa wuƙa a fata ba sai ya shimfiɗa ta duka,
ya ga ina wuya, ina ciki, ina tabon ƙaya.
Wa ya rubuto? Su wa aka rubuto wa?
Me ya ci musu tuwo a ƙwarya a shekarar?

Na koma farkon wasiƙar, rana na dukan ƙeyata.
Ashe da ƙarti ake, masu lafiya garau,
sun ajiye sana'a suna bin gidaje da tsegumi.
Ba a ambaci mai karyayyen zuciya ba.
Layi uku a ƙasa kuma, inda birona bai kai ba,
ga gargaɗi ya juyo yana kallona,
a kan masu gajiya da yin alheri.

Ta ce, Littafin nan gida ne mai ɗakuna.
Akwai waƙa, akwai wasiƙa, akwai jerin kakanni,
akwai kukan mutum shi kaɗai da tsakar dare.
Ba a awon mai da mudun gero.
Kuma kada ka buɗe shi da fushi kai kaɗai,
ruwan tafki ma sai ya kwanta ake sha.
In ka gama karatu ka ga ka fi kowa gaskiya,
ɗauki abin ka kai gindin gicciye,
ka gani ko zai iya tsayawa a can.

Ruwa bai zo ba ranar. Na sayi jarka biyu wurin mai kura.
Da dare na shiga zaure da ƙwaryar fura,
na zauna, ban ce komai ba.
Can Sila ya ce, mu goma sha tara muka tashi daga Agadas.
Ya yi shiru. Ya ce, mu shida.

Jan biron na nan har yau, bai goge ba.
In yatsana ya faɗa hujin,
sai in haura sama, in gangara ƙasa.