Ɗakin Matattun Tsuntsaye

A Samaru, bayan ɗakin gwaje-gwaje,
akwai wani ɗaki mai warin kafur.
Shekara ashirin da uku makullinsa na aljihuna.
Kowace durowa da gawarwakinta,
kurciya, kanari, carki,
an ɗaura wa kowa takarda a ƙafa
da suna uku na Latin.

Na tambayi Farfesa Dogara na ukun.
Ya ce, "Tanimu, nan rigimar take.
Wannan ta fi waccan haske kaɗan,
sai wani ya ɗauki alƙalami ya ja layi.
Bi hanya daga nan har kurmi,
launin na juyawa
kamar yadda la'asar ke zama magariba.
Nuna mini inda aka yanka."

Jiya aka sace babur ɗin Alhaji Mamuda a Tudun Wada.
Kafin isha'i an gama shari'a a teburin mai shayi:
"Ai mutanen nan, a jininsu yake."
Wani ɗalibi ya ɗaga waya, ya ƙara gishiri,
wai can ƙetare an ƙirga,
baƙar fata ta fi cika kurkuku,
wai ɗan Adam ma iri-iri ne kamar tsuntsu.
Bai dubi bayan hannunsa ba.

Na so in ce, wa ya yi ƙirgar?
A wace unguwa motar 'yan sanda ke kwana?
Masunci inda ya jefa taru, nan yake kamu.
An ƙirga yunwa?
An ƙirga mai sata da biro
da ke komawa gida ya ci tuwo?
Ban ce ba. Shayina ya huce.

Ƙanwata Kyauta na ɗakin ajiyar jini a Shika.
Ta ce ledoji dubu sun bi ta hannunta,
ba ta ga mai tambarin ɓarawo ba.
Wanda aka ƙara wa Alhajin bara ma
na wani bakanike ne a Sabon Gari
da ko gaisuwar Hausa ba ta zauna masa ba.

Babur dai shiru.

Da safe na jawo durowa ta tara.
Zaren ya ruɓe,
takardu biyu sun zube a ƙasan katako,
kurciyoyi biyu kwance gefe da gefe.
Na kai su bakin taga,
na juya su, na sake juyawa.
Har aka tashi daga lakcar farko
ina tsaye da takardun a hannu.