Bin Sawun Jar Fata

An ɗauke kuran tun bayan isha'i.
Barira ta jingina wayarta jikin buta,
taswira ta haske mana tabarma.
Ta ce, Baba, kwana huɗu na ciniki ne,
na biyar naka ne kai kaɗai,
daga hudowar rana zuwa jirgin dare.
Me za mu zuba a ciki?

Shekara talatin da ɗaya
ina ɗaure fatun jar akuya a Mokoyo,
in shanya, in ƙirga, in rubuta a bango da gawayi.
Su bi Kwatano, su hau ruwa,
ban taɓa raka su gaba da Dosso ba.
Yau ga takardar gayyata da hatimi:
Fulorans.
Sunan ma sai na gyara zama kafin in faɗa.

Ta ce a fara da ƙubba mai jan tubali,
matakala ɗari huɗu da sittin da uku.
Na dubi gwiwata, gwiwata ta dube ni.
Rubuta: daga ƙasa za a kalla.
Ba sai an hau giginya ba
ake yarda da tsawonta.

Ta ce akwai gidan zane-zane, layinsa awa biyu,
da wani ƙato na farin dutse, ba ko wando.
Hajo daga ɗaki ta ce, wannan ku tsallake.
Muka tsallake.
Yarinya ta cusa dariya cikin mayafi.

Hantsi: tsohuwar gada,
wadda shagunan maƙeran zinariya
suka ɗare bayanta kamar goyo.
Hajo ta sake magana: wannan kar ku tsallake.
Na auna kuɗinsu da jikkunanmu,
na ce ido ma yana cin kasuwa.
Ɗaki ya yi shiru, irin shirun da na sani.

Azahar fa?
Barira ta nemo alƙibla, ta zana min kibiya.
Alwala tun daga otal, darduma cikin jaka.
A bayan takarda ta jera kalmominsu:
kifi, burodi, ruwa, ban da alade,
ta sa na maimaita har sau biyar
kamar ɗan lakkwal.

Sai ta karanto cewa koginsu ya taɓa haukacewa,
ya shiga gari har wuyan gidaje,
sun bar alama a bango, kada a manta.
Na ce dakata.
Kakata har ta rasu tana ba da labarin
shekarar da Gulbi ya ci tsohuwar Maradi,
suka hau tudu da tukwane a ka.
Namu bangon na laka ne, ya bi ruwa,
ba inda za a zana.
Ba ni rabin awa gaban alamar nan.
Ta ce, Baba, layi ne kawai jikin dutse.
Na ce rubuta.

La'asar: kasuwar fata.
Nan ba na son taswira,
hancina zai kai ni.
Zan ɗauki jaka, ko safar hannu ta mata,
in juya cikinta, in murza da babban yatsa.
Fatar Tibiri ba ta ɓuya gare ni
ko an shafe ta da turare,
ko an raɗa mata sunan wani.
In na same ta ba zan tona ba.
Zan tambayi kuɗi, in ji nawa ta zama,
in yi mata sannu da hanya a zuci.

Ta ƙirga da yatsu: saura awa ɗaya ba kowa.
Na ce bar ta haka.
Zan nemi dakali in zauna,
in ga yadda tsofaffinsu ke komawa gida.

Batir ya mutu, birnin ya dushe.
A gindin bedi akuyar Hajo tana tuƙa.
Danginta duk sun riga ni zuwa,
kuma ba wanda ya tambaye su biza.