Littafin Inna Bayan Ambaliya

A Kuttanad ruwa ya fi gonakinmu tsayi ko da rani,
da madatsai muke lallashinsa ya bar mana shinkafa.
Shekarar da kogin Pamba ya fusata
bai yi sallama ba.
Ta madafa ya shigo, ya hau gado,
ya kashe fitilar da ke gaban gicciye,
ya kora mu kan rufi, mu huɗu da akuya.

Sai a kwana na tara muka ga daɓen ɗakinmu.
Bayan tulun tsamiya na tsinci Littafin Inna,
ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana,
fumfuna ta yi wa bangonsa furfura.
Sunayenmu da Baba ya jera a shafin farko
sun narke, dangi kaf sun koma gajimare guda, shuɗi.

Na shanya shi a kan tabarma,
ina ɓamɓarar shafi ɗaya-ɗaya da tsinken kwakwa.
Annabawa sun saku, ƙasa-ƙasa a bakinsu.
Amma can kusa da ƙarshe
wasiƙun manzanni sun dunƙule, sun ƙi.

Shekara ashirin yayyena na ja-in-ja a kan wasiƙun nan.
Eapen, mai karanta nassi a coci ran Lahadi,
ya ce ceto kyauta ne, gumi ba ya sayen alheri,
mai nutsewa ba ya ciniki.
Ittoop, da kantar hawan kwakwa a tafukansa,
ya ce bangaskiyar da ba ta taɓa ɗebo wa maƙwabci ruwa ba,
a kira mai haƙa kabari kawai.
Kowa da ayarsa a kube.
Yau ga ayoyin biyu a hannuna
sun manne kamar kuturu da sandarsa.

Inna tana kankare kwakwa, ba ta ko ɗago ba.
"Eapen, mutumin da ya zo da jirgin su daren nan,
nawa ka ba shi?"
"Ko rufi ɗaya bai karɓa ba."
"Sunansa fa?"
"Ban tambaya ba. Igiya ya jefo, na cafke."
"Ittoop, da aka sauke mu a makaranta, aka ba mu bargo,
me ya mayar da kai jirgin har kwana uku?
Bashi kake biya?"
Ya sosa ƙeya.
"A'a. Ƙafata ce ta ƙi zama."

Na baza kunne in ji hukunci.
Sai ta ce, "Ku fitar min da ruɓaɓɓen buhun can, wari ya ishe ni."
Suka kama, wannan ta kai, wancan ta gindi,
har bakin madatsa ina jiyo su, ba su fasa ba.

Ni tawa tambayar daban ce.
Na ce, "Inna, tsoho Kunjachan fa?
Ya fi mu addu'a, ya fi mu kyauta,
a kan nasa rufin ya yi ta kira har muryarsa ta ɗauke,
jirgi bai je ba."

Hannunta ya tsaya a kan makankara.
Hankaka ya sauka, ya saci ɓaren kwakwa, ba ta kore shi ba.
"Sosamma, shekara sittin ina karatun nan,
ban kai wannan shafin ba tukuna.
Abin da na sani, Wanda aka rataye shi ma ya yi kira a duhu.
Ina jin Kunjachan ba shi kaɗai ne a rufin ba."

An ce tururin buta zai raba shafukan.
Kullum da safe nakan ɗora ruwa,
in tsaya da Littafin a hannu, yana warin laka,
har butar ta yi fito.
Sai in zuba shayi.