Rijiyar Majema a Kanfur

Sulekha ta ɗebo kwalba uku a rijiyar,
warin jima har cikin gashinta.
Tsoho Ramdin ya ce, “An auna bara,
an ce ƙarfen kaɗan ne, mu sha.”

“Baba, ba yawansa nake nema ba.
Kuromiyam fuska biyu gare shi:
kore yakan lafe a laka, ya yi barci,
rawaya kuwa ɗan yawo ne,
ruwa yake bi har cikin tulu.”

Ta ɗiga magani. Suka jira.
Ruwan ya rine, ya yi shunayya.

Ramdin ya dubi jikarsa tana ɗauraye kofi.
Ya kwance guga,
ya naɗe igiyar a kafaɗa,
bai ce uffan ba.