Matakala Ɗari da Tara

Anselmo, shekara arba'in kana fentin rufin gidajen Valparaiso,
yau tsuntsun teku ya gilma,
sai dai ka ji kukansa.

Idonka garau. Dama da hagu yana zuwa aike.
Sama da ƙasa kuwa, ya ce ba shi ba su.
Likita ta nuna a hoto:
ɗigo, bai kai ƙwayar riɗi ba,
can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda jini ya yi birki.

Miya a gabanka, cokali na lalube.
Ximena na ƙirga maka matakala,
ƙafa na tambayar ƙafa.

Da dare ta tallafi ƙeyarka,
ta kwantar da kanka baya.
"Ga taurarin, Baba."
Ka daɗe shiru.
"An ƙara su ne?"