Rabin Kunkuru

A gaɓar Oaxaca, tun gari bai waye ba,
Nicanor ya durƙusa, hannu cikin rami har gwiwa,
yana zaro ƙwan kunkurun teku ɗaya bayan ɗaya,
masu laushi, da sauran ɗumin uwarsu.
Ɗari da biyar, ya ce. Rubuta.

Jikarsa Itzel ta rubuta
a littafin da gishiri ya cinye wa gefe.
Ta ce, Kaka, kowane ƙwai hanya biyu ce gabansa,
ya fashe da rai, ko ya yi shiru ke nan.
A rairayin nan, in ka ɗauki goma,
bakwai ne ke fitowa.
To ka ninka yawan ƙwan da rabon kowanne:
ɗari da biyar sau bakwai, a raba goma.
Ta ciji fensir.
Saba'in da uku da rabi.

Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Shekara talatin ina gadin bakin ruwan nan,
ban taɓa ganin rabin kunkuru ya rarrafa zuwa teku ba.
Kan ne zai tafi, ko wutsiyar?

Ta ce, ba alkawari na yi maka ba.
Matsakaici ne, wurin da lissafi ke kwantawa
in ramuka sun yi yawa.

Kwana arba'in da biyar suka yi suna korar karnuka.
Daren da yashi ya fara motsi kamar tukunya a wuta,
suka ƙirga da jar fitila.
Sittin da takwas.
Ya dube ta, bai ce komai ba,
shirun ya fi magana ciwo.

Ramin da ke kusa da kwale-kwale ya ba da tamanin.
Wani, da rana ta dafa, goma sha ɗaya kacal.
Wani kusan duka.

Ƙarshen kaka, ita ta koma makaranta.
Shi kaɗai a rumfa, da tabarau mai ƙafa ɗaya,
ya tara shafukan, ya raba yadda ta nuna masa,
sau biyu, don bai yarda da kansa ba.
Bakwai cikin goma, saura ƙiris.

Ya rufe littafin, ya fita bakin ruwa,
ya daɗe yana kallon inda igiya ke karyewa,
ko zai hango rabin nan yana iyo.